Uwar da Ba Ta Faɗin Sunan 'Yarta

Ranar Asabar da hantsi Saudatu tana tsugune a tsakar gida tana wankin kayan makaranta, da jaririnta Akram goye a baya. Mijinta Zulkifilu ya shiga ɗaki neman abin yankan farce, ya daɗe bai fito ba. Asabar da Lahadi ne kaɗai yake ganin hasken rana a gidansa da ke unguwar Yara a Keffi. Sauran kwanakin, da an sallame sallar asuba yake fita ya shiga motar Abuja, ya sha cunkoson Mararaba da Nyanya a tafiya, ya sake sha a dawowa, ya iso Keffi bayan magariba kamar wanda aka yi wa duka. Shekara tara ke nan yana haka, har ya saba da yin magana a gajarce.

Da ya fito, takardu uku ne a hannunsa, kowace a ninke. A ƙarƙashin farantai ya same su cikin kabad.

"Sauda, waɗannan fa?"

"Daga makaranta ne," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Na ga daga makaranta ne, ai ga hatiminsu. Tun yaushe suke nan?"

Ta ce ta farkon ta kai wata biyu.

Ya zauna a bakin ɗaki ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Malama Judit ce ta rubuto, malamar ajin 'yarsu Ihsan, mai shekara bakwai, wadda ke aji biyu. Ta ce yarinyar tana da ƙwaƙwalwa amma Turanci yana ba ta wahala, kuma yanzu komai da Turanci ake koyarwa, har lissafi. Ta ce kowace Alhamis bayan an tashi, iyaye mata suna zuwa su zauna da 'ya'yansu rabin awa a kan littafi mai hotuna, ko sun iya Turanci ko ba su iya ba. Tana roƙon mahaifiyar Ihsan ta zo. A ƙasan kowace takarda an sake rubuta saƙon da Hausa, kuma Zulkifilu ya san matarsa tana karanta Hausar boko, ko da a hankali ne.

Ya tambaye ta me ya hana ta zuwa. Ta ce aiki ne ya yi yawa. Ya ce wane aiki, yarinya ɗaya ce tal gare su a makaranta, kuma daga ƙofar gidan zuwa makarantar bai kai tafiyar minti goma ba. Ta ci gaba da cuɗa rigar da ta riga ta fita tas. Ya tsaya yana kallon ƙeyarta, sannan ya ninke takardun ya sa a aljihu.

Auren nan na so ne, kowa ya sani. A bikin wani abokinsa a garin Panda ya fara ganinta, ya yi shekara huɗu yana zuwa zance a kan babur, damina da rani. Yayarsa Hajiya Fadimatu, wadda ta raine shi tun mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan shekara shida, ta ƙi abin da farko. Ta ce ba ta yi wahalar karatunsa har jami'a don ya kwaso mata wadda ta tsaya a aji huɗu na firamare ba. Ya ce in ba Saudatu ba, to zai zauna haka. Aka yi auren.

Abin da bai auna ba shi ne irin gidan da ta fito. A hannun kakarta ta tashi, tsohuwar da ta riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfinta. A gidan nan mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta shiga maganarsa, in an dake shi a waje ba ita ce mai zuwa ba'asi ba. Saudatu ta ɗauki wannan gaba ɗaya, yadda ta ɗauki alwala. Sunan Akram takan kira shi sau ɗari a rana, amma Ihsan sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Unguwa duka Baban Ihsan ake ce wa mijinta, ita kuwa Malam take ce masa. Zulkifilu a gidajen ma'aikata ya girma. Ya san da al'adar, amma a zatonsa iyakarta rashin faɗin suna, har yakan tsokane ta a kai lokacin da yake da ƙarfin tsokana. Bai taɓa kawowa a ransa cewa zuwa makaranta a zauna gefen yarinyar a gaban matan unguwa, a wurin Saudatu, daidai yake da fita babu mayafi ba.

Washegari Lahadi Hajiya Fadimatu ta zo daga Karu a motarta, kamar yadda take yi duk ƙarshen wata. Tsohuwar ma'aikaciya ce da ta yi ritaya, 'ya'yanta duk sun girma sun watse, gidanta babba kuma babu motsin yaro a ciki. Bayan an ci abinci Zulkifilu ya nuna mata takardun, don ya saba komai nasa sai ta gani. Ta sa tabarau ta karanta. Ta kira Ihsan ta tsayar da ita a tsakiyar falo, ta jefa mata tambaya da Turanci, ta sake jefa wata. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta. A falon akwai direban Hajiya da wata maƙwabciya da ta shigo gaisuwa.

Hajiya ta cire tabarau. Ta ce ita dama ta faɗa tun ba a je ko'ina ba. Yarinya tana kwana tana tashi cikin Hausa, uba ba ya nan, uwa ba ta san ko A ba, ina Turanci zai fito? Ta ce in an yi hutun ƙarshen zango za ta zo ta ɗauke ta, ta sa ta a makarantar kirki a Karu, ta riƙe ta har aure. Ai 'yar ƙaninta ce, ba wanda ya fi ta iko da ita. Sannan ta juya wajen Saudatu da ke durƙushe tana tattara kwanuka.

"Ko kina da magana, uwar 'ya?"

Zulkifilu ya kalli matarsa. A ransa ba ya so. Jira yake ta nuna ko da alama, ko ta yi shiru kawai, ya sami abin da zai riƙe ya ce wa yayarsa a bari a duba tukuna.

"Ai 'yarki ce, Yaya," in ji Saudatu. "Duk yadda kika yi daidai ne."

Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta ɗauki kwanukan ta fita.

Ran Zulkifilu ya ɓaci. Takarda uku ta ɓoye, yanzu kuma ta miƙa yarinyar kamar an roƙe ta gishiri. Cikin wannan fushin ya ce wa yayarsa ya amince. Kafin ta shiga mota Hajiya ta kafa doka: daga yau kada a ƙara yi wa Ihsan Hausa a gidan, don ita ce ta toshe mata kai, kuma ba ta so ta kai ta Karu a yi mata dariya. Ya ce to.

Saura mako biyar a yi hutu.

Dokar nan ta kashe wani abu da ba wanda ya san da shi sai mutum biyu. Tun Ihsan tana aji ɗaya, kullum bayan la'asar in Saudatu ta shiga kicin ta juya wa ƙofa baya, takan ce, kamar da tukunya take magana, "Ko me ke cikin littafin nan na yau, oho." Sai yarinyar ta ɗauko littafinta ta zauna a dokin ƙofa. Ta duba hoto, ta haɗa da 'yan kalmomin da ta gane, ta ba da labarin da Hausa: akuyar da ta shiga motar kasuwa, yaron da ya ɓatar da takalminsa ɗaya. Uwar tana yanka kuɓewa tana tambayar tukunya me ake ce wa akuya da Turanci. Yarinyar ta faɗa. Uwar ta maimaita a karkace, wani lokaci da gangan, yarinyar ta yi dariya ta gyara mata. Da an yi sallama a ƙofar gida sai a rufe littafi, kowa ya kama gabansa. A wannan rabin awar ce kaɗai uwa da 'ya suke hira.

Yanzu an hana Hausa, Saudatu kuwa ba ta saɓa umarnin miji. Turancinta bai wuce "kam" da "go" da "sori" ba. Don haka ta yi shiru. Ihsan ta zo da littafinta rana ta farko ta zauna a dokin ƙofa, ta jira, ba a tambayi tukunya komai ba. Ta zo rana ta biyu. A ta uku ba ta zo ba.

Gidan ya yi nauyi. Zulkifilu yakan dawo a gajiye ya yi wa yarinyar tambaya biyu da Turanci, ta kasa, ya yi tsaki ya ce ta je. Ya daina cewa Sauda. Yakan ci tuwonsa yana duba waya, in ta yi masa sannu ya amsa da hanci. Ita kuma ta rame, idanunta suka faɗa, ta riƙa manta gishiri a miya. Kowannensu yana ganin ɗayan ne ya yar da yarinyar, kuma ba wanda ya buɗe baki. Wata ranar Juma'a ya shigo da ƙaramar akwati ja da ya saya a Mararaba, ya ajiye a bakin gado, ya ce ta fara haɗa kayan.

Ranar Laraba ta mako na uku, da azahar, ɗan acaɓa ya sauke wata mata a ƙofar gidan, gajera mai jiki, da lema a hammata. Ta yi sallama ta shigo ba ta jira an yi mata iso ba. Malama Judit ce. 'Yar ƙabilar Eggon ce, shekararta ashirin da biyu tana koyar da ƙananan aji, Hausarta tana fita da sauri da ɗan karkacen mutanen wajensu. Ihsan tana Islamiyya a lokacin.

Ta ƙi zama a kujera, ta ce kujerun falo suna sa ta barci, ta ja turmi ta kifa ta zauna a kai. Ta sha ruwa. Sannan ta ce ita ba ta iya kwana-kwana ba: takarda uku ta aiko, ko karen gidan bai je ba, ta zo ta ga ko mahaifiyar yarinyar gurguwa ce, sai ga ta da ƙafa biyu lafiyayyu.

Saudatu ta ba ta haƙuri. Ta ce yarinyar ai ta kusa barin makarantar, gwaggonta za ta ɗauke ta. Malama ta ce wace yarinyar. Ta ce ta ajinku. Malama ta ce yara talatin da shida ne a ajinta, wacce daga ciki. Saudatu ta sunkuyar da kai ta ce, "Yayar wannan," ta nuna Akram da haɓa.

Malama Judit ta ƙare mata kallo. Ta zauna da Hausawa tun tana yarinya, ta ga irin wannan a wajen tsofaffi, amma ba ta zaci za ta same shi a wajen mace da ba ta kai talatin ba.

"Ita ce ta fari?"

Saudatu ta gyaɗa kai.

"Ayya. Ni kuma ina can ina zaginki a zuciya wata biyu. Allah Ya yafe min, na ce wannan mata ko dai 'yar kishiya aka bar mata." Ta gyara zama a kan turmin. "To saurara, Maman Ihsan, ko kunnenki ba ya son sunan, ni dai bakina ya saba. Yarinyar nan a da tana tafiya a karatu. A hankali, amma tana tafiya. In na ba da labari yau, gobe sai ta dawo ta fi kowa gane shi, har na ce a raina akwai mai zama da ita a gida. Mako uku ke nan ta rufe baki gaba ɗaya. Ko sunanta na kira sai ta ɗaga hannu kawai. Me kuka canza?"

Da ƙyar, tana kallon ƙasa, Saudatu ta ba ta labarin kicin da tukunya, da dokar da aka kafa.

Malama ta buga lemarta a ƙasa. Ta ce wa ya gaya musu Hausa ce ke hana Turanci? Ita da suke gani Turanci ne yarenta na uku, bayan Eggon da Hausa, kuma uwarta har ta mutu ba ta san kalma ɗaya ba, amma kullum a wajen niƙa sai ta sa ta faɗi abin da aka koya musu da yarensu. Yaron da ya iya ba da labarin littafi da harshen gidansu ya gane littafin, Turancin zai biyo baya. Ta ce abin da take tara mata ran Alhamis su yi, shi ne Saudatu take yi shekara guda ita kaɗai ba wanda ya koya mata, sai aka zo aka hana ta.

Sannan ta sassauta murya.

"Ba wannan ne ma ya kawo ni ba. Jiya lokacin hutun ƙarfe tara na riƙe ta a aji, na tambaye ta da Hausa me ke damunta. Kin san me ta ce? Ta ce, 'Anti, Umma ta ba Gwaggo ni saboda ban iya Ingilishi ba. Ta ma daina yi min magana. Akram take so.'"

Saudatu ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta sa gefen zaninta ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa, har Akram ya farka a bayanta ya fara nasa. Malama ta bar ta ta yi. Da ta lafa, Malama ta ce ko ita da kanta ta sami mijin ta yi masa bayani? Saudatu ta girgiza kai, ta ce maganar gidanta ba za ta fita ta bakin wani ba. Malama ta miƙe ta kakkaɓe siket, ta ce to, gobe dai Alhamis, ƙarfe biyu, kuma ba za ta ƙara ɓata takarda ba.

Saudatu ta je. Sau biyu tana kaiwa bakin titi tana komawa, a na uku ta tsallaka. Mata kusan goma ne a ajin, wasu da hijabi wasu da ɗankwali. Wata 'yar unguwarsu da ta san irin riƙonta ta daki ta kusa da ita, ta ce yau kuma me za a yi a garin, ga Saudatu a makarantar 'yar fari, saura su ji ta rangaɗa sunan a lasifika. Aka yi dariya. Fuskar Saudatu ta yi zafi kamar ta juya. Ta wuce ta zauna a ɗan bencin yara, gwiwarta tana dukan tebur. Ba ta kalli fuskar 'yarta ba. Littafin ta kalla, ta ce a hankali, "Ko me ke cikin na yau."

Ihsan ta ɗago ta kalle ta. Can ta sa hannun hagu ta damƙe gefen hijabin uwarta, ta buɗe shafi da na dama, ta fara. Har aka tashi ba ta saki hijabin ba.

Ranar Asabar, bayan ya karya, Saudatu ta aika Ihsan gidan maƙwabta, ta ɗauko jar akwatin ta ajiye a gaban mijinta, ta buɗe. Babu komai a ciki.

"Malam, na saɓa maka. Na je makarantar ranar Alhamis ban gaya maka ba, kuma na yi mata Hausa. Kayan nan ma na kasa zubawa. Kwana takwas ina ɗauko riga ina mayarwa."

Ya ajiye wayarsa. "Ke da bakinki kika ce 'yarta ce."

"Me kake so na ce? A gaban Yaya, da direba, da maƙwabciya, na ce a bar min 'yar fari? Da wane bakin?"

"To ni fa? Ni ma baƙo ne? Mako uku muna kwana ɗaki ɗaya."

"Ka taɓa tambayata mu biyu?" ta ce. "Ka tambaye ni me ya hana ni zuwa makaranta, kana tsaye a kaina da takardu a hannu. Ba ka taɓa tambayata ko ina son ta tafi ba. Na zaci kai ne ka gaji da ganin ta a hannun jahila."

Kalmar ta dake shi. Bai taɓa kiranta da ita ba, amma ya zauna an kira ta da abin da ya yi kama da ita bai ce uffan ba. Ta gaya masa zuwan Malama Judit, da abin da yarinyar ta faɗa a aji. Ya rufe fuska da tafin hannu ya daɗe a haka. Da ya buɗe, idanunsa sun yi ja.

"Sauda," ya ce, "ni na zaci ba kya son ta. Wallahi abin da na zata ke nan, kuma shi ya hana ni barci, ba hanya ba."

"Ni na haife ta," ta ce.

Ya rufe akwatin ya tura ta ƙarƙashin gado. Ya ce dokar Hausa ta tashi daga yau, sauran kuma nasa ne.

Faɗin hakan ya fi yin sa sauƙi. Sau uku yana ɗaukar waya zai kira yayarsa yana fasawa. Matar nan ita ta yi masa wanka, ita ta sayar da sarƙarta ta kai shi sakandare, bai taɓa ce mata a'a ba sai a kan auren Saudatu. Haka ya yi ta jan ƙafa har ranar hutu ta zo, motar Hajiya ta tsaya a ƙofar gida da safe, da sabuwar jakar makaranta a kujerar baya.

A falo ya durƙusa a gabanta kamar yaro. Ya ce ta yafe masa, ya yi alkawari cikin fushi da rashin sani, amma Ihsan za ta zauna a gaban uwarta. Hajiya ta saurare shi har ya gama. Ta ce ta riga ta biya kuɗin makaranta, ta gyara ɗaki, ta gaya wa mutane. Ta ce ashe rainon da ta yi masa bai isa a ba ta riƙon 'yarsa ba. Ya ce ba haka ba ne. Ta ce haka ne mana, kuma ai uwar yarinyar da kanta ta ba ta, a kira ta ta maimaita.

Saudatu tana bakin ƙofa. Ta shigo ta durƙusa gefen mijinta, abin da ba ta taɓa yi a gaban babba ba.

"'Yarki ce har gobe, Yaya. Ko aurenta ya zo ke ce uwa. Amma ina roƙonki ki bar min ita ta yi wayo a gabana. Na ji kunyar faɗa a wancan karon, kunyar kuma ta cuci yarinyar."

Hajiya ta dube ta sama da ƙasa. Ta ɗauki jakarta ta fita, ko ruwan da aka kawo ba ta taɓa ba.

Wata bakwai ba ta taka gidan ba. In Zulkifilu ya kira, ta amsa gaisuwa ta kashe. Dangi suka yi ta magana, wasu suka ce matar ce ta mallake shi, wasu suka ce dama ƙarshen auren 'yar ƙauye ke nan. Saudatu ba ta tanka wa kowa ba. Duk ƙarshen wata takan ɗaure daddawa da kuka da man gyaɗa ta ba mijinta ya biya ta Karu. Na farko da na biyu direba ya dawo da su. Na uku aka karɓa ba godiya. Ba ta fasa ba.

Turancin Ihsan kuwa bai zo da gudu ba. Ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta zo ta goma ba. A zango na gaba ta sha huɗu ta zo, Malama Judit ta rubuta a ƙasan sakamakon cewa yanzu matsalarta ɗaya, ba ta rufe baki. Saudatu tana zuwa duk Alhamis, da ciwon gwiwa da komai, har matan suka gaji da tsokanarta. Zulkifilu ya ware safiyar Lahadi, ya zauna da littafi yana hamma, yarinyar tana karanta masa da Turanci tana juyawa tana fassara wa uwarta da ta ba su baya.

Da dogon hutu ya zo, Saudatu ce da kanta ta ce a kai yarinyar Karu ta yi wa gwaggonta mako biyu. Zulkifilu ya ce in ta riƙe ta fa? Ta ce ba za ta riƙe ba, kuma ko ba komai matar nan ita kaɗai ce a gida.

Sai da ta yi mako uku. Hajiya ce ta dawo da ita da kanta, wata Lahadi da la'asar. Ba ta zauna a falo ba, ta bi Saudatu har ƙofar kicin ta tsaya tana fifita da gefen mayafi. Ta ce yarinyar nan ta ishe ta, ko talabijin ba ta bari ta kalla, komai aka faɗa sai ta juyo ta fassara mata da Hausa, ita da ta yi shekara talatin da biyar tana aikin ofis da Turanci. Ta ce surutun ubanta ta ɗauko, lokacin yana da baki. Saudatu ta yi murmushi ta miƙa mata kujera 'yar tsugunno. Ta zauna.

"Na san amsar da za ki ba ni ran nan," in ji Hajiya. "Shi ya sa na tambaye ki a gaban mutane."

Saudatu ta ci gaba da juya miya.

"Ni ma 'yar fari ce. Har Inna ta rasu ba ta taɓa zama kusa da ni ba. Na haura arba'in kafin wata tsohuwa ta gaya min cewa ranar da aka kai ni makarantar kwana, kwana uku ta yi ba ta ci abinci ba. Me zan yi da shi a lokacin? Tana ƙasa." Ta share ido da ɗan yatsa, ta gyara murya. "Gishirin nan ya isa haka, kada ki ƙara. Kuma daddawarki ta wancan watan ba ta bushe ba."

"Za a gyara, Yaya."

Ta ci tuwo a gidan ranar, ta yi magariba, sannan ta tafi.

To 'yan mata da samari masu karatu, ku ji da kyau. Kunya abu ne mai kyau, macen da ba ta da ita ba ta da komai, kuma ba a ce ku watsar da tarbiyyar iyaye ba. Amma an yi kunya ne don idon manya, yaro ɗan shekara bakwai bai san ta ba, abin da ya gani shi yake ɗauka. Maza kuma, amsar da mace ta bayar a gaban danginku ba ita ce amsarta ba. Ku shiga ɗaki ku rufe ƙofa ku tambaya, komai gajiyar da kuka kwaso a hanya. Wanda ɗansa ke koyon Turanci kada ya ce shi bai yi boko ba don haka ba shi da abin bayarwa, kuma kada wani ya ruɗe ku ku rufe wa yaro harshen uwarsa. Saudatu ta yi haƙuri da miji, ta yi haƙuri da dangin miji, ba ta rama ko sau ɗaya ba, Allah kuma Ya bar mata 'yarta da aurenta. Amma sai da ta buɗe baki sau ɗaya, a inda ya wajaba.

Nan labarin ya tsaya. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana ƙarshensa.